Cicely Williams da cutar kwashiorkor: tarihin wani bincike da tasirinsa

1. Gabatarwa

A jami'o'in yau an saba auna darajar mai bincike da yawan maƙalun da ya buga da kuma yawan waɗanda suka ambace shi a rubuce-rubucensu. Idan aka ɗora Dokta Cicely Williams (1893-1992) a kan wannan sikeli, ba za ta yi nauyi sosai ba, domin abin da sunanta ya tsayu a kansa bai wuce gajerun maƙalu biyu da lacca ɗaya da littafi ɗaya ba. Amma duk likitan yara da ke aiki a ƙasashe masu zafi yana amfani da kalmar da ta shigar a cikin ilimin likitanci, wato kwashiorkor, kuma dokar duniya ta 1981 game da tallar madarar jarirai tana da tushe a cikin wata lacca da ta yi shekara 42 kafin nan.

A cikin wannan maƙala za mu bi diddigin waɗannan ayyuka da abin da aka yi da su bayanta. Abin da muke son nunawa shi ne: Williams ta ɗauko sunan cutar daga bakin mutanen da cutar ke kashe wa ƴaƴa, kuma sunan yana ɗauke da bayani game da sanadinta, waɗanda suka biyo baya sun karɓi sunan, suka ajiye bayanin, kuma wannan ya jawo ɓarnar kuɗi da lokaci na kusan shekara 20. A matsayinmu na masu nazarin harshe, wannan ɓangare na tarihin ne ya ja hankalinmu.

2. Daga Jamaika zuwa Gwalkwas

An haifi Cicely Delphine Williams ranar 2 ga Disamba 1893 a Kew Park, cikin tsibirin Jamaika, a gidan Turawa masu gonaki. Ta shiga jami'ar Okisfod ta Ingila a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da ƙarancin likitoci maza ya sa aka buɗe wa mata ƙofar karatun likita, ta kuma gama a 1923. Ta yi aiki a wani asibitin yara na unguwar talakawa a gabashin Landan, sannan a ƙasar Girka tare da ƴan gudun hijira, kafin ta yi kwas na cututtukan ƙasashe masu zafi. A 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta Ingila ta tura ta Gwalkwas, wato Gana ta yanzu. Ta yi aiki a Koforidua da Kumasi da Akra, inda ta riƙe asibitin yara na Princess Marie Louise.

Ya kamata a tuna yadda likitancin mulkin mallaka yake a wancan zamani, a ɓangaren Ingila da na Faransa baki ɗaya. Idon likitoci yana kan ƙwayoyin cuta: zazzaɓin cizon sauro, shawara, ciwon barci, agana. Yaron da ya zo da kumburi akan ce tsutsar ciki ce, ko ciwon ƙoda, ko tunjere da ya gada. Tambayar uwa abin da yaro ke ci ba ta cikin al'adar aikin. Williams ta saɓa wa wannan. Ta bar iyaye mata su kwana a asibiti tare da ƴaƴansu, tana sauraron ma'aikatan jinya ƴan ƙasa, tana tambayar kakanni yadda suke kiran ciwon da yadda suke fassara shi.

3. Maƙalun 1933 da 1935

Bayanin farko ya fito a rahoton shekara na ma'aikatar lafiya ta Gwalkwas na 1931-1932. Cikakkiyar maƙalar kuwa ta fito a 1933 a mujallar Archives of Disease in Childhood, kan yara 20. Alamomin da ta lissafa su ne waɗanda ake koya wa ɗalibai har yau: yaro tsakanin shekara 1 da 4, kumburin ƙafafu da hannaye, zawo, ƙyuya da yawan kuka, gyambo a baki, fata tana yin duhu tana saɓulewa. Da ta bincika gawarwakin waɗanda suka mutu, ta tarar hanta ta cika da kitse. Da ta bincika tarihinsu kuma, sai ta ga abu guda yana maimaituwa: yaron ya rasa nono mai isa, ko don uwa ta mutu, ko don ta sake yin ciki, ko don an miƙa shi ga kaka, kuma abincinsa ya koma kunun masara zalla. Yaran da aka kawo da wuri sun warke da madara da man hantar kifi. Waɗanda aka kawo a makare, mafi yawansu sun mutu.

Game da sanadin cutar, Williams ta yi taka-tsantsan. Ta ce cuta ce ta abinci, tana da alaƙa da masara, kuma ba za a iya kawar da yiwuwar ƙarancin furotin ko wani ɓangare nasa ba. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Za mu ga yadda wannan zato mai sharaɗi ya zama hukunci a hannun wasu.

A 1935 ta buga maƙala ta biyu a mujallar Lancet, kan yara 60, kuma a nan ne ta sa kalmar kwashiorkor a kan take. Kalmar ta harshen Ga ce, harshen mutanen Akra. Ma'anar da aka ba ta, wadda ta rubuta, ita ce ciwon da yaro ke kamuwa da shi idan aka haifi ƙaninsa ya ture shi daga nono. Abin lura shi ne sunan bai ce komai ba game da kumburi ko launin fata ko wani sinadari. Yana nuni ne ga matsayin yaro a cikin gida: wane ne a goye, wane ne aka sauke.

4. Gardama kan cutar da kan sunanta

Manyan masana na Landan ba su karɓi maganar ba. Dokta Hugh Stannus, wanda ya yi aiki a Nyasaland (Malawi ta yau) kuma ake ganinsa gwani a kan cutar pelagra, ya rubuta cewa Williams ba ta gano komai ba, pelagra ce ta yara ta kasa ganewa. Hujjarsa tana da ƙarfi a zahiri, tunda an san pelagra cutar masu cin masara ce, kuma tana ɓata fata. Sai dai bai ga yaran da idonsa ba. Williams ta amsa da abin da ta gani a gadon asibiti: pelagra tana kama fatar da rana ke duka, wannan kuwa tana kama matsematsi da gwiwa da wuraren da jiki ke gugar shimfiɗa, pelagra ta fi kama manya, wannan kuwa manyan gidan da ke cin masarar nan ɗaya lafiyarsu lau. Gardamar ta yanke ne bayan 1937, lokacin da aka gano cewa sinadarin niyasin yana warkar da pelagra. Likitoci a Afirka ta Gabas, cikinsu har da Hugh Trowell wanda da farko ya bi ra'ayin Stannus, sun ba yaran niyasin, kumburi bai saɓe ba, mutuwa ba ta ragu ba.

Ba Williams ce ta fara ganin cutar ba. A 1906 Czerny da Keller sun bayyana irinta a Jamus, ga jariran da ake ciyarwa da gari. A ɓangaren Faransa, Normet ya rubuta a kan "bouffissure d'Annam" a 1926, Lieurade kuma a kan "enfants rouges" na Kamaru a 1932. Kowane likita ya raɗa suna daga alamar da ta fi ɗaukar idonsa, kumburi ko jan gashi, kuma waɗannan sunaye duk sun ɓace. Na Williams ne ya rayu, musamman bayan da Brock da Autret suka zagaya Afirka a 1950 da sunan OMS da FAO, suka buga rahotonsu a 1952 da wannan kalma a take, sannan Trowell da Davies da Dean suka fitar da babban littafinsu a 1954.

Abubuwa biyu sun sami kalmar a kan hanya, kuma dukansu sun shafi fanninmu. Na farko, rubutu. A harshen Ga babu harafin r a cikinta. Wasalin ɔ ne, kwashiɔkɔ, wanda Turawan Ingila ke rubutawa "or" domin a bakinsu wannan r ba ya fita. Da kalmar ta shiga Faransanci sai aka riƙa furta r guda biyu da masu harshen ba su taɓa sa wa ba. Na biyu, ma'ana. An daɗe ana maimaitawa a littattafan likitanci cewa kalmar tana nufin "jan yaro", fassarar da ta dace da jan gashin da likita ke gani, amma ta share zancen yaye da ƙani gaba ɗaya. Wato an mayar da sunan da ke bayyana sanadi ya zama sunan da ke bayyana alama.

5. Zancen madara

A 1936, bayan saɓani da shugabanninta, an ɗauke Williams daga Gwalkwas aka kai ta Malaya. A Singafo ta tarar da wata matsala dabam. Jarirai ne ƴan watanni ke mutuwa, ba yayayyu ba, domin kamfanoni suna aika ƴanmata sanye da tufafi irin na ma'aikatan jinya gida-gida suna tallar madarar gwangwani mai sukari a madadin nono. Uwa matalauciya takan tsinka madarar da ruwa mai yawa don ta kai mata kwanaki, ruwan kuma ba mai tsabta ba. A 1939 ta yi lacca a kulob ɗin Rotary na Singafo, ta haɗa kalmar madara da kalmar kisan kai a take, ta ce mutuwar da irin wannan talla ke jawowa a ɗauke ta a matsayin kisa. Abin da ya ƙara wa maganar nauyi shi ne ita kanta ta yi amfani da madarar gwangwani a Akra ta ceci yara. Ta san bambancin magani a hannun likita da haja a hannun ɗan talla.

Yaƙi ya katse aikin. Japanawa sun kama Singafo a Fabrairun 1942, aka tsare ta a kurkukun Changi. A Oktoban 1943 ƴan sandan asiri na sojan Japan suka ɗauke ta, ta yi watanni a hannunsu, ta fito da cutar beriberi wadda ta bar mata lahani a ƙafafu. Ta ba da labari daga baya cewa jarirai 20 aka haifa a sansanin, duka aka shayar da su nono, duka suka rayu.

A 1948 aka naɗa ta shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yaro na OMS a Janeba. Ta koma Jamaika a 1951 don binciken wata cutar amai mai kashe yara, ta koyar a Landan da jami'ar Amurka ta Bairut, kuma a 1972 ta buga littafi kan tsara ayyukan lafiyar uwa da yaro tare da Derrick Jelliffe. Ta hannun Jelliffe da irinsa ne maganar 1939 ta sake tashi. A 1974 ƙungiyar War on Want ta buga rahoto kan tallar madarar jarirai, shari'a ta biyo baya a birnin Bern a 1976, ƙauracewa kayan Nestlé ta fara a Amurka a 1977. A watan Mayun 1981 babban taron OMS ya amince da dokar tallar abubuwan da ke maye gurbin nono, da ƙuri'a 118. Ƙasa ɗaya ce ta ƙi, Amurka, 3 suka ƙaurace.

6. Zamanin furotin

Mu koma ga cutar. Rahoton Brock da Autret ya ɗauki kwashiorkor a matsayin mafi muni kuma mafi yaɗuwa cikin cututtukan abinci, ya kuma danganta ta da ƙarancin furotin. Daga nan lissafin ya zama mai sauƙi: idan cutar ƙarancin furotin ce, maganin duniya shi ne a ƙera furotin. A 1955 aka kafa kwamitin ba da shawara kan furotin a ƙarƙashin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1968 Majalisar ta fitar da rahoto kan abin da ta kira rikicin furotin mai tafe. An zuba kuɗi a garin kifi, da garin ƙwayar auduga da waken soya, da Incaparina a Gwatamala da Superamine a Aljeriya, har da yisti da ake nomawa a kan man fetur a masana'antar Lavéra ta Faransa. Yawancin waɗannan kayayyaki sun fi ƙarfin aljihun iyayen da aka yi su dominsu.

Shakka ta fara daga Indiya, inda Gopalan ya nuna a 1968 cewa abincin yaran da suka kumbura bai bambanta da na yaran da suka bushe ba. Kwamitin masana na FAO da OMS da ya zauna a 1971 ya rage adadin furotin da ake cewa yaro na bukata, sai giɓin da ake ta kuka da shi ya ragu a kan takarda tun kafin a ƙara wa kowa ko loma ɗaya. A 1974 Donald McLaren ya buga maƙala a Lancet ya kira lamarin duka babban shirme, a 1975 Waterlow da Payne suka kammala a mujallar Nature cewa abin da yaran suka rasa abinci ne isasshe, ba furotin kaɗai ba. An kuma gane cewa ramewa marar kumburi, wadda likitoci ke kira marasme, ta fi kwashiorkor yawa nesa ba kusa ba.

Bayan haka an gwada wasu bayanai. Michael Golden ya nuna a Jamaika cewa kumburin yana saɓewa ko da an ba yaro abinci mai ƙarancin furotin. Hendrickse ya zargi gubar aflatoksin ta hatsi da gyaɗa masu fumfuna, bisa aikinsa a Sudan. Golden da Ramdath sun kawo bayanin lalacewar ƙwayoyin jiki saboda ƙarancin sinadaran kariya a 1987, amma gwajin da aka yi a Malawi aka buga a 2005 bai nuna cewa ba da waɗannan sinadarai yana hana cutar ba. A 2013 wani bincike kan tagwaye a Malawi ya nuna hannun ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanji. Mahawarar masana ba ta rufe ba. Amma aikin asibiti ya riga ya canza: madarar F-75 da ake fara ba yaro mai kumburi tana da giram 0,9 kacal na furotin a cikin mililita 100, domin hantarsa ba ta iya ɗaukar fiye da haka a kwanakin farko, sai ya farfaɗo ake kai shi ga F-100 mai giram 2,9.

Duk wannan bai rushe ko layi ɗaya na abin da Williams ta bayyana a 1933 ba. Abin da ya rushe shi ne ginin da aka ɗora a kan zatonta. Ita kuwa har ƙarshen rayuwarta tana nanata cewa a duba talauci, da haihuwa kusa-kusa, da cututtukan da ke cin yaro, da halin da uwa ke ciki, kuma kada a raba wurin magani da wurin rigakafi.

7. Abin da ya shafe mu

Bahaushe ba baƙo ba ne ga tunanin da ke cikin kalmar Ga. Muna da rurrutsa ko kwanika, wato mace ta yi ciki tana goyo, kuma akan ce yaron ya sha ciki idan ya lalace bayan haka. Al'adar da ta biyo baya ita ce a yaye shi nan take, sau da yawa a kai shi wajen kaka, daga nono ya faɗa kan kunu da fura. Likita zai ce nonon mai ciki ba guba ba ne, cire yaron farat ɗaya ne ke cutar da shi. Amma masu harshen sun ga daidai wane yaro ne ke cikin haɗari da kuma yaushe, kamar yadda mutanen Akra suka gani.

A Nijar nau'in tamowa mai ramewa ya fi yawa, mai kumburi kaɗan ne idan aka kwatanta da ƙasashen masara da rogo. Duk da haka, danna yatsa a bayan ƙafafun yaro biyu don a ga ko zai lotsa yana cikin gwajin farko a kowace cibiyar CRENI da CRENAS, tare da awon damtse da ke nuna haɗari idan bai kai milimita 115 ba. A shekarar 2005 ƙungiyar MSF ta yi wa yara sama da 60.000 maganin tamowa mai tsanani a ƙasar, akasarinsu a jahar Maraɗi, kuma mafi yawansu a gida aka yi jinyarsu, uwa na ba su Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai wanda André Briend da Michel Lescanne suka ƙirƙiro a 1996. Mayar da jinya hannun uwa ya dace da koyarwar Williams. Sai dai darasin zamanin furotin yana nan: ƙunshi mai giram 92 yana tayar da yaron da ya kwanta, amma ba ya taɓa dalilin da ya kwantar da shi, kuma jahar da ke cikin masu noma mafi yawa a ƙasar ita ce ta fi cika cibiyoyin.

8. Kammalawa

Jami'ar Gana ta ba Williams digirin girmamawa a 1986, shekara 50 bayan an ɗauke ta daga ƙasar. Ta rasu a Okisfod ranar 13 ga Yulin 1992 tana da shekara 98. Tasirinta ya bi hanyoyi uku: bayanin cuta da ya tsaya daram shekara 90, gargaɗi kan tallar madara da ya zama dokar duniya, da tsarin haɗa lafiyar uwa da ta yaro wuri guda. Hanya ta huɗu, ta furotin, wasu ne suka shimfiɗa ta da sunanta.

Ga sashenmu akwai aiki a nan. Ana fassara saƙonnin lafiya daga Faransanci zuwa Hausa kullum, ana neman kalmar da za ta yi daidai da malnutrition, alhali ba a cika bin hanyar ta ɗaya gefen ba, wato a tattara kalmomin da iyaye mata na Gobir da Katsina da Damagaram da Adar ke amfani da su ga yaron da ya lalace, a rubuta su da furucinsu na gaskiya, a bayyana abin da kowace ke ɗora wa laifi, a miƙa wa likitoci. Kundin digiri ɗaya ko biyu za su iya fara wannan aiki.